Wanda Ya Yanka Mana Akuyar Kirsimeti

Ƙarar wuƙa ce a kan bakin siminti, a hankali, kamar mai wasa ta ba ya gaggawar zuwa ko'ina. Ita nake fara ji duk lokacin da aka ce Kirsimeti ta kusa, kafin ƙamshin cincin, kafin amon tulun da matan zumunta ke kaɗawa a coci. Maƙwabcinmu Ba Modu ne tsugune kusa da famfon gidanmu na unguwar Wulari, ya naɗe hannun rigarsa, akuya kuma tana ɗaure a gindin darbejiya tana taunar ɓawon lemo, ba ta san komai ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Ban cika sha takwas ba a lokacin, ƙirjina kuwa yana tafasa kamar tukunyar da aka manta a kan wuta.

Saraya, 'yata, sunan kakarki na sa miki, don haka wannan labarin zai bi ki ko kina so ko ba kya so. Za ki girma ki ji shi a coci. Na riga na ji ana ba da shi daga bagadi, a bakin mutanen da ba su taɓa taka tsakar gidanmu ba. Su kan ce, "Ku dubi Mama Saraya, an kashe mijinta, ta yi murmushi, ta yafe." Sai a tafa, sai a tashi waƙa. Duk lokacin da na ji haka sai in matse bakin benci har yatsuna su yi zafi. Kakarki ba ta yi murmushi ba. Sun wanke labarin sun goge shi, sun cire masa jini da ƙauri, domin ya yi daɗin ji kafin a karɓi baiko, wato sadakar coci. Yanzu kina barci a bayana, ba ki ma iya zama ba, amma gara in rubuta tun ina tuna muryar kowa.

Kakanki Yohanna kafinta ne. Rabin bencinan cocinmu hannunsa ne, haka ma ƙofofi da kujerun rabin layinmu, gidajen Musulmi da na Kirista. Tun kafin a haife ni bai taɓa yanka akuyar Kirsimeti da hannunsa ba. Ba don bai iya ba. Maƙwabtanmu Musulmi ne kusan dukansu, Barebari da 'yan Hausawa kaɗan, kuma ba za su ci naman da ba Musulmi ne ya yanka ba. Baba ya kan ce abincin da maƙwabci zai karɓa ya yi godiya ya zubar a ɓoye ba kyauta ba ce, wahalar da shi ka yi. Saboda haka kowace jajibirin Kirsimeti sai a aika a kira Ba Modu, mai sayar da busasshen kifi, wanda katanga ɗaya ce ta raba mu da shi. Ya yi yanka, a yi shinkafa da miya, mu yara mu zaga layi da kwanuka. Da Babbar Sallah kuma gidanmu ake fara kawo wa cinya. Kowa a layin ya san wannan, har yara su kan leƙo ta katanga su ga ko Ba Modu ya shigo, domin shigowarsa ita ce alamar gobe akwai shinkafa. Kuma duk shekara da zolaya ɗaya suke farawa.

"Yohanna, wannan akuya ce ko kyanwa?"

"Yanka dai, Ba Modu. In kyanwa ce ai gidanka za a fara kaiwa."

Ba Modu yana da ɗa, Bukar, sa'an yayana Bitrus. A wurin Baba ya koyi riƙe zarto. A tsakar gidanmu ya kan ci abincin rana, shi da Bitrus a kwano ɗaya, Mama tana yi musu faɗa kan su wanke hannu. Yaro ne mai kunya, in ya gaishe ka sai ya kusa taɓa ƙasa. Daga baya ya fara rage zuwa aiki, ya daina dariya, ya daina cin abincinmu, ya ce ya ƙoshi. Wata rana aka wayi gari babu shi. Babu wanda ya tambayi inda ya tafi, domin a Maiduguri ta wancan lokacin kowa ya san inda samari ke tafiya in sun ɓace haka. Ba ma kiran sunan mutanen. "Yaran nan" muke cewa, da murya ƙasa-ƙasa, kamar bango yana da dangi a cikinsu.

Da safe aka kashe Baba, ƙarshen damina, rana ta riga ta fito. Ina banɗaki ina kwara ruwa, ina rera wata waƙar da muke koyo a ƙungiyar mawaƙa, na ji ƙara. Na ɗauka katako ne ya faɗo daga rumfar aikinsa. Da na fito da zani a ƙirji, ƙofar gida tana buɗe, tsintsiyar Mama tana yashe a ƙasa, ita kuma tana zaune a bakin ƙofar ta ɗora kansa a cinyarta tana gyara masa wuyan riga. Fensirin da ya kan maƙala a bayan kunne yana nan a maƙale. Layin kuwa shiru, ko kaza babu. Na san akwai idanu a bayan kowane labule, amma babu ƙofar da ta motsa. Har yau in na tuna wannan shirun sai in ji ina so in fasa wani abu.

Masu kaki suka zo daga baya, da motarsu da tsawarsu. Babbansu ya tambayi Mama ko ta ga fuskar wani.

"Ku bar ni in rufe mijina," in ji ta.

Ya sake tambaya, ya ɗaga murya. Ta cire mayafinta ta lulluɓe Baba, ba ta ƙara cewa komai ba. Mu ma da muka tambaye ta, ni da Bitrus da ya taho a guje daga makaranta, amsarta ɗaya ce: Allah ya gani. Dole ki san yadda garin yake kafin ki yanke mata hukunci ko ki tafa mata. A shekarun nan, in aka nuna wani gida da yatsa aka ce daga nan ne, ba a tsayawa tambayar wa ke ciki. Mun ga layin da aka wayi gari babu namiji ko ɗaya a cikinsa. Mun ga gidajen da suka zama toka da tukwanensu a kan murhu. Yatsa ɗaya ya isa.

Aka yi biso, aka binne shi. Mutane suka cika gida, kowa da kalmarsa ɗaya a baki: haƙuri. A yi haƙuri, sai haƙuri, Ubangiji ya ba da haƙuri. Na tsani kalmar nan har na ji kamar in an ƙara faɗa mini ita zan yi amai. Ba Modu ya zo ta'aziyya, ya zauna can ƙarshen tabarma a waje, bai ɗaga kai ba, bai sha ruwan da aka ajiye masa ba. Kafin a watse zaman makoki magana ta fara yawo. Wata ta ce an ga Bukar a unguwar Gwange a makon. Wani ya ce ai mutanen ba su yi ta neman gida ba, kai tsaye suka zo, to wa ya san gidan kafinta da lokacin fitowarsa? Babu wanda ya gani da idonsa, amma kowa ya haɗa lissafinsa. Samarin cocinmu suka fara taruwa bayan sujada a gindin bishiya, Bitrus a tsakiyarsu. Ba makami suke da shi ba. Abin da suke da shi shi ne hanyar zuwa shingen sojoji, da sunan gida ɗaya. Abin da ya hana su kawai shi ne matar mamacin ba ta ce komai ba, dattawa kuma sun ce kada wanda ya riga ta magana.

Ban san yadda zan kwatanta miki cocinmu na wancan lokacin ba. An ƙona gefe ɗaya tun shekarar da ta gabata, ana zama a kan bencinan Baba da suka yi baƙi a ƙafafu. A bakin ƙofa ana laluba kowa, har tsofaffi, jaka kuma a bar ta a gida. In wani ya tashi a tsakiyar addu'a sai idanu su buɗe. Kowace Lahadi akwai wurin zaman da ya zama wayam, wani ya mutu, wani ya kwashe iyali ya koma ƙauye ko Jos. Amma matan zumunta su kan zo da zaninsu iri ɗaya, su rungume tulunansu, su buga, su yi waƙa kamar babu abin da ya faru. Mama tana cikinsu. Makon da ya biyo bayan biso ta ɗaura zaninta ta tafi. Na tsaya a cikin mawaƙa ina kallonta tana buga tulu da tafin hannu, fuskarta kamar ruwan randa, sai na ji haushinta ya fi na waɗanda suka yi harbin. Su dai ban san su ba. Ita kuwa matarsa ce. Wani baƙon mai wa'azi ya taɓa zuwa daga kudu, da rakiyar motoci, ya yi mana dogon bayani kan murna a cikin tsanani, ya koma kafin la'asar don kada dokar hana fita ta rutsa da shi. Mu muka kwana a cikin tsananin. Shi ya tafi da murnar.

Akuyar nan Baba ne ya sayo ta tun tana ƙarama, don a kiwata kafin Disamba. Bayan rasuwarsa ni na ci gaba da ba ta dusa. Na kan zauna kusa da ita in yi mata surutu, domin ita kaɗai ce a gidan ba ta ce mini in yi haƙuri. Na ɗauka bana babu yanka, babu biki. Sai ranar jajibiri da hantsi Mama ta fito da manyan tukwane, ta zuba shinkafa a tire tana tsincewa. Mama Rifkatu, shugabar zumunta kuma aminiyarta tun 'yanmatanci, ta shigo da tattasai a ƙullin zani. Ba tare da ta ɗago ba Mama ta ce da ni:

"Rahila, je ki gaida Ba Modu, ki ce masa akuya tana jiransa."

Bitrus yana zaune a kan benci yana ɗaura takalmi. Ya tsaya cak.

"Mama, wa kika ce?"

"Ka ji ni."

"Uban Bukar? Shi zai shigo gidan nan da wuƙa?"

"Shi yake shigowa kowace shekara."

"Kowace shekara Baba yana raye! Mama, ke kaɗai ce a Wulari ba ki san abin da ake faɗa ba? In yanka ne ni zan yanka. Wanda ba zai ci ba ya bari, dama ba mu roƙe su ba. Ina suke ranar da yake kwance a ƙofar nan? Wa ya leƙo a cikinsu?"

Mama ta ajiye tiren. Ta ce, kuma muryarta ba ta hau ba ko kaɗan:

"Duk layin nan yau idonsu yana kan ƙofarmu. Abokanka ma haka. In rana ta faɗi Ba Modu bai shigo ba, na yi magana ke nan. Na nuna gidansa. Ka san abin da ke biyo baya. Akwai matarsa Ya Falmata a gidan, akwai ƙananan yara."

"To, su ma su ɗanɗana!"

"Ba da hannuna ba. Ba kuma da sunan ubanka ba."

Bitrus ya miƙe. Dogo ne kamar Baba, idanunsa sun kaɗa. Bai taɓa ɗaga wa Mama murya ba sai ranar.

"Wallahi Mama, in mutumin nan ya tako gidan nan, ni na fita. Kuma ba zan dawo ba. Ki zaɓa."

Mama Rifkatu ta ce, "Haba Bitrus, uwarka ce fa." Ko kallonta bai yi ba. Na tsaya ina jiran Mama ta sauko, domin ɗanta namiji ke nan tilo, shi ne abin da ya rage mata na kamannin mijinta. Na ga leɓenta yana motsi kaɗan, irin na mai addu'a a zuci. Sannan ta dubi inda nake.

"Rahila, ba aikenki na yi ba?"

Na tafi. Kada ki ɗauka biyayya ce ta kai ni. Na tafi ne ina fata ya ƙi zuwa, ina fata in ga laifi a fuskarsa in dawo in watsa wa Mama. Daga ƙofarmu zuwa tasu ba wata tafiya ba ce, amma na ji kamar ina ratsa kasuwa tsirara. Mai shagon kwanar layi ya bar abin da yake aunawa. Wasu samarin cocinmu suna zaune a kan dakali can nesa, kamar hira suke yi. Na yi sallama a zauren Ba Modu. Gidan da kullum ke ƙamshin turaren wuta, ranar babu. Ya Falmata tana zaune da ƙullin kaya a gefenta, ɗaurarru, irin na wanda ke shirin gudu ko da wane lokaci. Autarta ta ruga ta rungume ƙafata kamar yadda ta saba, ni kuwa na tsaya kamar itace. Ba Modu ya fito daga ɗaki. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Wushe, feroni," ya ce. Haka yake kirana tun ina ƙarama, 'yata, da harshensu.

Ban amsa gaisuwar ba. Na ce, "Mama ta ce akuya tana jiranka."

Ya dube ni.

"Ita ta ce? Maman Bitrus da bakinta?"

"Da bakinta."

Ya Falmata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Shi kuwa ya koma ɗaki ya fito da wuƙarsa a naɗe a tsumma, ya biyo ni a baya, ba a gaba ba, kamar ni ce babba.

A bakin ƙofarmu suka yi kiciɓis da Bitrus, jaka a kafaɗa. Daidai wurin da Baba ya faɗi. Ba Modu ya matsa gefe ya ba shi hanya, ya buɗe baki zai yi magana. Bitrus ya tofar da yawu a ƙasa, ya wuce. Na kira shi, Yaya, Yaya, bai waiwayo ba. Mama tana kicin, ta ji fitarsa, domin ƙofar nan Baba ne ya yi ta kuma kowa ya san kukanta. Ba ta fito ba.

Shi ne na tsaya ina sauraron wuƙa a kan siminti. Babu wanda ya ce akuya ce ko kyanwa. Ni na riƙe mata ƙafafu, tunda babu namiji a gidan, akuyar da na yi wata da watanni ina gaya wa damuwata. Ba Modu ya ajiye wuƙar ya goge tafinsa a riga, ya sake ɗauka. Ya fuskanci gabas, ya ambaci sunan Allah, muryarsa ta karye a tsakiya. Jini ya gangara cikin ramin da na haƙa, ɗumi ya taɓa yatsun ƙafata. Na dube shi na ce a raina, haka ɗanka ya yi? Da ya gama ya wanke hannu, ya tsaya daga nesa da ƙofar kicin.

"Maman Bitrus, an gama."

"Sannu da aiki, Ba Modu. A gaida Ya Falmata. Gobe Rahila za ta kawo na yara."

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan. Da yamma na ga hannun Mama na dama a naɗe da tsumma, tana juya miya da hagu. Na tambaye ta, ta ce tukunya ce. Ban ce mata sannu ba.

Washegari bayan sujada na zaga layi da kwanuka, gidan Ba Modu farko, kamar kullum. Kowa ya karɓa. Wasu matan sun kasa haɗa ido da ni. Kwanukan suka dawo, babu wanda ya dawo wayam, wannan dabino, wancan gyaɗa, Ya Falmata kuma ta ƙulla turaren wuta a ƙyalle. Samarin dakali suka watse, domin matar kafinta ta yi maganarta, kuma ba wadda suke jira ba ce. Ba a je shinge ba. Ba a taɓa gidan kowa a layinmu ba.

Wannan shi ne wurin da masu wa'azi ke tsayawa. Ni ba zan tsaya ba. Ba sa faɗin cewa a cikin cocin nan namu akwai waɗanda suka ce Mama ta sayar da jinin mijinta da kwanon dabino. Ba sa faɗin cewa ƙanin Baba ya aiko daga ƙauye ya ce kada ta ƙara taka gidansu. Wasu matan zumunta sun daina zama kusa da ita na tsawon lokaci, matan da su ma aka kashe wa maza da 'ya'ya, kuma ba zan iya ganin laifinsu ba. Fastonmu ne kawai, tsoho mai tari, ya zo da rana tsaka ya zauna a kan bencin Baba ya ci naman a gaban kowa, bai yi wa'azi ba, ya ce a ƙaro masa yaji. Bitrus ya tafi Jos, daga can Legas. Ya kan kira ni. In na miƙa wa Mama wayar sai ya kashe. Kowace Kirsimeti sai ta ware cinya ta soya ta ajiye a kwano mai murfi, har ta bushe, sannan ta ba yaran layi. Ni kuma na bar ƙungiyar mawaƙa. Na ci gaba da zuwa coci, in zauna a baya, in yi wa Allah faɗa a zuci daga farkon sujada har ƙarshe. Na lura bai kore ni ba.

Sau ɗaya na fuskance ta sosai, lokacin ina jami'a, kaina cike da littattafai da manyan kalmomi. Na ce mata abin da take kira salama tsoro ne kawai da aka ɗaura wa zanin zumunta. Na ce mata mun zama mutanen da ake yankawa suna godiya. Na ce da ta damu da Baba da ta nemi sanin wanda ya kashe shi, ba ta rufe ido ta ce Allah ya gani ba. Tana tankaɗe ne. Ta tsaya, ta dubi tabon da ke tafin hannunta, ta ce:

"Ki yi fushinki, Rahila. Yesu ya san fushi. Amma kada ki ba shi aron hannunki."

Na ce wannan ba amsa ba ce. Ta ce ita ke nan gare ta. Har yanzu ban gama yarda da ita ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na gama ba. Akwai ranakun da nake ganin Bitrus ne ke da gaskiya. Akwai ranakun da nake haɗuwa da autar Ya Falmata, wadda yanzu take koyon aikin jinya, ta ce mini Yaya Rahila, sai in rasa inda zan ajiye fushina.

Bukar bai dawo ba. An ce ya mutu a daji, ba a kawo gawa ba. Ba Modu ya ci gaba da yi mana yanka har shekarar da ƙafafunsa suka gaza, bai ƙara yin zolayar kyanwa ba. Mama ta rasu ina da cikinki, hawan jini, a ɗakina na unguwar Maisandari inda na dawo da ita jinya. Bitrus ya iso bayan an rufe kabari. Ya tsaya a kansa ya yi kuka irin na yaro, amma da aka kawo abinci a gidan Wulari bai ci ba.

Ni da Mama Rifkatu muka yi mata wanka. Da muka zo hannun dama, tsohuwar ta buɗe tafin, ta shafa tabon nan mai tsawo da babban yatsanta, ta daɗe ba ta saki ba.

"Kin san yadda ta samu wannan?"

"Ta ce tukunya ce."

"Tukunya ce. Tana kan wuta. Tun da Ba Modu ya fara wasa wuƙa ta kama bakin tukunyar ta riƙe, har ya ce an gama. Na yi na yi in ɓamɓare hannun, na kasa. Ta ce mini, Rifkatu, in na saki zan fita in faɗa."

"Ta faɗi me?"

Mama Rifkatu ta dubi ƙofa, kamar har yanzu bango yana ji. Ta ce ta riƙe wannan magana ne domin an roƙe ta, amma mai roƙon ta tafi, ita ma ta kusa.

Ranar da aka kashe Baba, ba shi ya buɗe ƙofa ba. Mama ce. Tana shara aka ƙwanƙwasa, ta buɗe, ta ga Bukar, fuskarsa a buɗe, wani yana tsaye a bayansa. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce, "Mama, ina kwana. Oga yana ciki?" Ta ji daɗi yaro ya dawo gida. Har ta ce masa ya rame. Sannan ta juya, da tsintsiya a hannu, ta ɗaga murya:

"Baban Bitrus, fito ka ga wanda ya zo."